Ranar da Aka Canja Mai Mota

"Man mota ake cewa, Moro. Man mota!"

"Mai mota!"

"Man mota. Mai mota mutum ne, da kai da ƙafa. Man mota shi ne wanda ake ɗura wa inji."

"Baba Alu, kai da ƙafa ka zo daga Zinder, ni da jirgin ruwa na zo daga Agege. Wa zai koya ma wani Hausa? Na ce zan je in canja mai mota, kuma yau-yau za a canja shi!"

"To, Allah ya amsa," in ji Baba Alu, ya mai da bakinsa kan kofin shayi.

A tsakar gidanmu na unguwar Nima a Accra ake wannan, da safiyar ranar da uwarmu Mma za ta dawo daga Makka. Baba Alu tsohon bakanike ne da ke haya a ɗakin ƙofar gida. Yaya Moro kuwa mijin yayata Abibata ne. Yana cikin waɗanda aka koro daga Legas a farkon shekarar nan ta 1983, ya dawo da akwati ɗaya, agogo ɗaya da baki guda goma. In ka ji shi, Marsandin wani babban Alhaji yake tuƙawa a Agege, kuma da kunne kawai yake gane ciwon inji. Waɗanda suka shigo jirgi ɗaya da shi sun ce Marsandi kam ya taɓa ta, amma da soso da bokiti.

Motar da ake magana ta uwarmu ce, Mma Amama mai goro. Tsohuwar Fijo ce fara da ta saya tun ana zaman daɗi. Ranar da za ta tafi aikin hajji ta kira Yaya Moro a gaban kowa, ta ɗora masa makulli a tafin hannu.

"In na dawo na same ta yadda na bar ta, ta zama taka. In ko na ji ta yi tari, ka koma layin trotro, motar haya."

Tun daga ranar ya rataya makullin a wuya kamar laya. In ka ce "Moro" ba ya ji. Sai ka ce "mai mota" zai juyo, shi ma a hankali.

Sista Abibata ta fito daga ɗaki riƙe da tsintsiya.

"Moro, kwana arba'in motar nan ba ta yi ko atishawa ba. Sai yau, saura awa shida jirgi ya sauka, za ka buɗe mata ciki?"

"Hajiya sabuwa, haƙorin zinariya sabo, sai mai ya zama tsoho? A Agege ba a yin haka."

"To ba ga Baba Alu ba?"

"Baba Alu? Aikin minti biyar kwana uku yake yi. Rana ɗaya shayi, rana ɗaya labarin Faransawa, rana ta uku ya nemi sifana. Akwai sabon wuri a Maamobi, Shaf-Shaf. Kafin ki ce salamu alaikum, sun ce miki sauka lafiya."

Ta dube shi, ta dube ni. "Zuera, sa mayafi ki bi shi. Ke ce idona."

Garejin Shaf-Shaf rumfar kwano ce a bakin titi, da rami a tsakiya da allo mai zanen agogo da aka rubuta minti biyar a ƙasansa. Mai wurin wani siriri ne da kowa ke ce wa Masta Shaf-Shaf. A ɗaya gefen rumfar matarsa, Anti Esi, tana suyar kifi. Shekarar kuwa babu komai a kanti, ko galan ɗin banza dukiya ne. Saboda haka miji da mata galan iri ɗaya suke da shi, suna jere a jikin ginshiƙi ɗaya kamar tagwaye, ɗaya na baƙin mai, ɗaya na man ja da ta riga ta soya kifi da shi.

Yaya Moro ya faka a kan ramin, ya fito, ya jira sai da masu jiran trotro suka juyo.

"Masta! Canja mai mota. Minti biyar ka rubuta, minti biyar zan ƙirga."

Ya kwance agogonsa ya ɗaga sama. Agogon nan tun da ruwan teku ya shige shi a hanyar dawowa ya tsaya a kan sha biyu da minti biyar. Amma Yaya Moro ya ce agogon Agege ba ya motsi a fili, a zuci yake tafiya.

"Masta, mota na zafi," in ji Masta Shaf-Shaf da guntuwar Hausarsa. "Bari shi sanyi kaɗan-kaɗan."

"Minti ɗaya!"

Mutumin ya faɗa rami. Muka ji ƙarar sifana, muka ji "Ajei!" Mai ya zubo masa a hannu da zafinsa.

"Minti biyu! A Agege da yanzu an wanke taya."

"Masta, yanzu na shiga!"

"Minti uku!"

Ya ɗaura notin ƙasa da yatsu biyu, ya yi tsalle ya fito yana hura hannu. Idonsa na kan agogon Yaya Moro, ya miƙa hannu baya, ya cafko galan.

Na ce, "Yaya Moro, wancan galan ɗin..."

"Zuera, inji ba tukunya ba ne."

"Ai shi ya sa nake..."

"In maza na maganar ƙarfe, mace ta tsaya a maganar albasa."

"Maganar albasar zan yi."

"Minti huɗu!"

To, ni an ce in zama ido, ba a ce in zama baki ba. Na ja mayafina na zuba ido.

Mai ya fara sauka a mazurari, ja wur, yana sheƙi. Yaya Moro ya leƙa.

"Me ya sa shi ja?"

A lokacin Masta Shaf-Shaf ya dubi abin da ke hannunsa. Na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ya saci kallon matarsa, ya ga ta ba da baya tana fere rogo. Ya dubi jama'a. Ya dubi agogo.

"Jaman oyil, Masta. Na Jamus. Sipeshal."

"Kun ji ko?" Yaya Moro ya juya wajen masu jiran trotro. "Irin shi muke sa ma Marsandi. Ku baƙi kuka sani."

Sai wani zoben albasa ya biyo mai, ya tsaya a bakin mazurari.

"Wannan fa?"

"Washa, Masta, zoben noti. Yana zuwa da shi."

Yaya Moro ya sa yatsa ya tura shi ciki da kansa. "Minti biyar cif!"

Muna tashi na waiga. Na hango Anti Esi ta tuntsura ɗaya galan ɗin a kaskon kifinta, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, sai ga Masta Shaf-Shaf ya tsallake nasa ramin da gudu, tana binsa da ludayi. Ban faɗa wa Yaya Moro ba. Maganar albasa ce.

Bayan azahar muka ɗauki hanyar filin jirgi. Fijo a gaba, an ɗaura mata farin ƙyalle a eriya, ni da Sista Abibata a baya. A bayanmu trotro guda cike da matan unguwa cikin fararen kaya suna waƙar yabon Annabi, Anti Saratu shugabarsu tana ba da baiti.

Ba mu wuce gida goma ba ƙamshi ya tashi. Ƙamshin kifi, albasa da ɗan barkono, irin wanda ke sa mai azumi ya sake duba rana. Waƙar trotro ta fara rauni. Anti Saratu ta leƙo ta taga.

"Wai wa ke suya a shekarar nan bai gayyaci mutane ba?"

Akuya ɗaya ta biyo mu. Ta zama uku. Kyanwa ta diro daga katanga. Wani kare da duk Nima ta san gurgu ne ya warke nan take.

"Moro," in ji Sista Abibata, "motar nan na warin kicin."

"Ƙamshin Jamus ke nan. Su can ko hayaƙinsu da daɗi."

Cikina ya yi ƙugi. Nata ma ya amsa.

Daidai gaban kasuwa muka faɗa wani rami. Wani abu ya ce ƙwal a ƙarƙashinmu, ya gangara cikin kwata. Noti ne, wanda aka ɗaura da yatsu biyu. Sai muka ji ihu daga trotro.

"Mai mota! Mai mota! Motarka na jini!"

Ya taka birki. Muka fito muka ga jan layi a kan kwalta tun daga ramin, ga mai yana tsiyaya a ƙasa kamar an yanka rago.

Wanda bai zauna a Accra a shekarar nan ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Lokacin in ka ga mutum biyu a tsaye ɗaya bayan ɗaya, sai ka shiga bayansu tukuna, daga baya ka tambayi abin da ake rabawa. Wata tsohuwa ta dangwali man da yatsa ta lasa, ta juye tumatirin da ke kwanonta, ta tura kwanon ƙarƙashin mota. Kafin Yaya Moro ya zagayo, layi ya kai bakin masallaci. Masu kwano, masu kwalba, har da wani mai hula a hannu.

Na ji na ƙarshen layi yana tambayar na gabansa, "Chale, abokina, me ake bayarwa?"

"Ban sani ba. Amma na riga ka."

"Jama'a, ku watse!" in ji Yaya Moro. "Wannan mai na inji ne!"

"Injin ya ci ya ƙoshi," in ji tsohuwar. "Ga shi yana mayarwa."

"Iya, ba ni kwanon nan."

"Abin da ya faɗi ƙasa na mai tsintuwa ne."

"Bai kai ƙasa ba, kin tare shi!"

"To na mai tarewa ne."

Sista Abibata ta riƙe ƙugu. "Zuera, tsakaninki da Allah, man me aka zuba?"

Na shaƙe murya, na hau da maƙogwaro na sauke, na ce, "Jaman oyil, Masta. Washa na zuwa da shi."

Matan trotro suka zube da dariya har motarsu na rawa. Sista Abibata ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Moro, mu bar ta nan, mu aika a kira Baba Alu. Mma ta shigo trotro."

"Hajiya a trotro? Ina da rai? Wannan ƙaramin aiki ne. A Agege na taɓa toshe tankin tirela da sabulu, ta kai Kano ta dawo."

Sabulu kuwa a shekarar ya fi noti wuyar samu. Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya sauka kan tiren Ayisha mai gugguru, inda ta jera busasshiyar masararta da ba ta ɓare ba. Ya zaɓi guda siririya, ya kwanta a ƙasa da babbar rigarsa, ya cusa kanta a ramin da notin ya fita, ya bubbuga da dutse.

"Ka ɓare ƙwayar tukuna," in ji Ayisha.

"Ƙwayar ita ce zaren noti. Ke me kika sani?"

Da roƙo da rantsuwa ya karɓo rabin man daga kwanuka, ya mayar cikin inji. A kwanon wata har da gutsuren tumatir. Ya ce ba komai, inji zai tace. Tsohuwar nan dai ta tafi da nata a ka, ko waiwaye.

Muka isa filin jirgi da akuya biyu da suka ƙi sarewa.

Mma ta fito cikin farare, da jarkar zamzam a hannu, haƙorin zinariya na walƙiya. Aka yi guɗa, aka rungume ta, aka yi ta "Hajiya, Hajiya". Yaya Moro ya buɗe mata ƙofar gaba har yana durƙusawa. Ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya, ta ja hanci.

"Kun yi girki a ciki?"

"Turaren maraba ne, Hajiya."

"Turaren kifi?"

"Sabon fitowa ne."

Ta shiga ta zauna, ta ɗora jarkarta a cinya.

A hanyar dawowa muka haɗu da cunkoso. Rana ta buɗe, allurar zafi ta hau ja ta zauna. Sista Abibata ta nuna masa.

"Ja alamar ƙarfi ne," in ji shi.

Yanzu ƙamshin ya canja. Bayan kifi da albasa, wani abu ya shigo mai kama da ƙofar silima.

Layinmu ya cika maƙil. An kafa rumfa, an jera benci, Liman da dattawa a gaba, makaɗa na jiran alama, tukwanen shinkafa na gefe a rufe. Yaya Moro ya rage gudu don kowa ya gan shi, ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana danna ham da ɗaya hannun. Makaɗa suka ɗauka. Mata suka saki guɗa.

Sai muka ji tas!

Kiɗa ya tsaya.

Tas! Tas-tas! Tatatatas!

"Soja!" wani ya ƙwala.

"An yi juyin mulki!"

Mutanen Accra na lokacin ba sa bukatar a faɗa musu sau biyu, sun sha gani. Kafin ƙiftawar ido babu kowa a tsaye. Liman ya shige ƙarƙashin benci da carbinsa. Mai babbar ganga ya kifa ta a kansa. Anti Saratu, wadda kullum take cewa gwiwa ta hana ta ruku'u, ta tsallake tukunyar shinkafa ba ta taɓa murfi ba. Matan trotro suka kwanta a kan juna suna salati. Wani ya rarrafa ya kunna rediyo don ya ji sanarwa, sai ya ji ana hira kan feshin koko.

"Ba su kai gidan rediyo ba tukuna!" ya sanar. "Ta Nima suka fara!"

"Me muka yi musu?"

"Hajiya suke nema! Sun ji ta zo da zinariya!"

Mai mota fa? Tun a tas na biyu ya buɗe ƙofa. Bai taka birki ba, bai kashe inji ba, bai ce wa surukarsa ko "sunkuya" ba. Muka dai ga babbar riga ta tashi sama kamar lema, ta sauka cikin babbar kwata, ruwa ya ce fatsal.

Fijo ta ci gaba ita kaɗai, a hankali, tana harbi ta ƙasa. Ni da Sista Abibata muna ƙudundune a baya. Mma ko gezau. Ta miƙa hannu ta murɗe makulli, ta zare, ta ja birkin hannu. Motar ta yi tari, irin tarin da aka yi gargaɗi a kansa, sau uku, ta tsaya da hancinta a jikin bencin Liman.

Tas, in ji ta, na ƙarshe.

Kaji ne suka fara gano gaskiya. Wata kaza ta fito daga lungu, ta leƙa ƙarƙashin mota, ta fito da wani farin abu a baki. Sauran suka ruga. Liman ya leƙo daga ƙarƙashin benci, wani farin abu ya gangaro gaban hancinsa. Ya ɗauka, ya juya shi, ya shinshina.

"Gugguru ne," in ji shi.

"Na wa?" in ji mai ganga daga cikin gangarsa.

Baba Alu ne kaɗai bai tashi daga inda yake ba tun farko, yana ƙofar gida da butar shayinsa. Ya ƙarasa kurɓarsa, ya taso, ya buɗe bonet. Tururi ya tashi, rabin unguwa suka haɗiyi yawu. Ya zaro sandar gwajin mai, ya duba, ya lasa, ya ɗaga ido sama.

"Man ja. Kifi. Albasa. Akwai tumatir daga baya." Ya sake lasa. "Gishiri ya yi kaɗan."

"Za ta tashi, Malam Alu?" in ji Mma.

"Za ta tashi, Hajiya, in an wanke mata hanji. Kwana uku."

Sai ga Yaya Moro ya hauro daga kwata. Rigar da ta tafi fara ta dawo kalar baƙin man da ya raina, da ɓawon ayaba a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya. Jama'a suka buɗa masa hanya, ba don girmamawa ba.

"Hajiya, na je duba inda harbin ke fitowa ne."

"A kwata?"

"Soja ta ƙasa suke bi. A Agege..."

"Moro."

"Na'am, Hajiya."

"Na bar maka mota ko na bar maka kasko?"

"Mota, Hajiya."

"Da ka kai ta wurin mutanen nan, me ka ce su yi mata?"

Ya gyara tsayuwa, ya dubi Baba Alu ta wutsiyar ido, don ko a nan ba zai yarda an fi shi Hausa ba.

"Cewa na yi a canja mai mota."

"Sake faɗa, Liman bai ji ba."

"A canja mai mota!"

"To, an canja," in ji Mma.

Ta miƙa makullin ta bayan kafaɗa ba tare da ta juya ba. Sista Abibata ta karɓa, ta ƙulle shi a bakin zaninta, ƙulli biyu, ta ƙara na uku.

Sai ƙarar kaji a ƙarƙashin mota. Yaya Moro ya dubi makullin, ya dubi matarsa, ya shafa wuyansa inda igiya take. Sannan ya ɗaga hannu, ya share ruwan kwata daga gilashin agogonsa, ya ƙura masa ido.

"Minti biyar cif," in ji shi. "Ban gaya muku aikin mutanen nan akwai sauri ba?"